Duron ciyar da barewa mai zubo da abinci da kansa: yadda ake haɗa shi a gida

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Texas ta Amurka ya rubuto cewa shi da abokansa sun karɓi hayar fili a yankin tuddai na tsakiyar jihar domin farautar barewa mai farin wutsiya. Ya ga maƙwabta sun kafa duro a kan dogayen ƙafafu, da bututai a ƙasansa, barewa na zuwa suna cin abinci mai gina jiki a ciki. Yana so ya haɗa nasa da hannunsa maimakon ya sayi na kanti. Yana tambayar kayan da zai nema, da tsayin da ya dace, da kuma ko masara kaɗai ta isa. Ya ƙara da cewa mai filin yana kiwon tumaki a wurin.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani wurin maƙwabtanka ba shi da wuyar haɗawa, mutum biyu za su gama shi a yini guda in kaya sun cika. Babu inji a jikinsa, babu batir, babu agogo. Nauyin abincin ne ke tura shi ƙasa: barewa ta ci na bakin bututu, wani ya gangaro ya cike gurbin. Sai dai ina so ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, domin shi zai yi maka jagora a duk inda za ka huda ko ka yanka. Abincin nan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Yawancin duron gida da ake watsarwa bayan shekara guda ba karyewa suka yi ba, laima ce ta shiga, abinci ya kumbura ya toshe bututu, mai shi yana gari yana zaton dabbobi na ci alhali duron a cike yake, bakin kuma wayam.

Bari in fara da masara, tunda amsarta ce za ta nuna irin duron da kake bukata. Masara ba ta isa ba. Furotin ɗin da ke cikinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari ba, sauran kusan duk sitaci ne. Barewa na sonta ƙwarai, shi ya sa maharba ke watsa ta da duro mai agogo don jawo su kusa a lokacin farauta, amma wannan tarko ne na ido, ba ciyarwa ba ce. Barewar da ake so ta yi girman da Allah ya hore mata tana bukatar abincin da furotin ɗinsa ya kai wajen kashi 16. Wannan ba hasashe ba ne, an daɗe ana gwada shi a gandun binciken namun daji na Kerr da ke nan yankinku, ƙarƙashin hukumar Texas Parks and Wildlife mai kula da namun daji a jihar, tun shekarun 1970, inda aka ga bambanci ƙarara a jiki da ƙaho tsakanin mazan da suka samu isasshen furotin da waɗanda aka rage wa. Abincin da ake sayarwa don wannan aiki shi ne felet, wanda ake niƙawa a murza shi ƙwaya-ƙwaya, kuma za ka ga an rubuta kashi 16 zuwa 20 a jikin buhu. Akwai wani haɗari ma a masara zalla idan aka bar ta a buɗe a ci iya ci. Barewa dabba ce mai tuƙa, tumbinta ya saba da ganye da tofo. Ta cika shi da hatsi farat ɗaya, sai tsami ya yi yawa a ciki, ta kamu da zawo, wani lokaci har ta mutu. Saboda haka kada ka cika duro irin wannan da masara kaɗai.

Dalilin bukatar furotin ɗin yana da kyau ka san shi, don ka san watannin da kuɗinka ke aiki. Ƙahon barewar nan ba irin na saniya ko rago ba ne da ke zama har mutuwa. Namiji yana zubar da nasa duk shekara wajen ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro daga bazara har ƙarshen watan Agusta, a lulluɓe da wata fata mai laushi cike da jijiyoyin jini. Ga shi kuma ya fito daga lokacin barbara, wanda a yankinku yake kai ƙololuwa a watan Nuwamba, ya rame sosai saboda bin mata da faɗa. Sai ya mayar da jikinsa tukuna kafin ƙaho ya samu rabonsa. Ita kuwa macen tana ɗaukar ciki wajen kwana 200, ta haihu a Mayu ko Yuni, sannan ta shiga shayarwa a daidai lokacin da zafin Texas ke ƙone ciyayi. Shi ya sa masu yin abin da gaske ke ciyarwa daga ƙarshen Janairu ko Fabrairu har zuwa Satumba.

To, ga kaya. Ka nemi duron roba mai cin galan 55, wato wajen lita 208, irin wanda murfinsa gaba ɗaya ke buɗewa ana ɗaure shi da zoben ƙarfe. Ka tabbata abinci aka taɓa zubawa a ciki, ba maganin feshi ko mai ba, domin roba na riƙe wari da guba ko an wanke. Na fi son na roba a kan na ƙarfe don dalili biyu: ba ya tsatsa, kuma ba ya yin zufa daga ciki kamar yadda ƙarfe ke yi idan rana ta buga shi dare kuma ya yi sanyi. Zufar nan tana ɗiga a kan abinci ko da ba a yi ruwan sama ba. Duro irin wannan yana ɗaukar buhu biyar zuwa shida masu nauyin fam 50, kowane buhu kusan kilo 23.

Sai bututun roba na masu aikin famfo. Kada ka sauka ƙasa da mai faɗin inci 4, kuma in aljihu zai ɗauka, mai inci 6 ya fi. Na san mai inci 3 ya fi araha, amma felet ba ya gangara kamar masara. Ƙwayoyinsa dogaye ne, suna sarƙewa da juna su tokare a wuri mai matsi, ƙasa ta zama fanko sama kuma a cike. Ban da haka, babban namiji ba ya son cusa bakinsa a ƙaramin rami. Za ka bukaci guntun bututu miƙaƙƙe, da mahaɗa mai reshe biyu da ke fita a karkace, da gwiwoyi masu lanƙwasar digiri 45, da kuma farantin nan na roba da ake ɗora masai na zamani a kansa. Shi wannan farantin ne zai haɗa bututun da gindin duro, don yana da ramukan noti a shirye.

Ka huda tsakiyar gindin duron daidai faɗin bututun, ka shafa silikon a kewayen ramin, ka ɗaure farantin daga waje da noti huɗu ko fiye. Ka sa manyan washa daga ciki, in ba haka ba nauyi da zafin rana za su sa kan notin ya ratsa robar a hankali. Daga nan sai abin da mutane da yawa ke tsallakewa, wato mazurari a cikin duro. Gindin duro a shimfiɗe yake. In ka bar shi haka, abincin tsakiya ne kawai zai riƙa sauka, na gefe ya zauna wata da watanni, ya yi fumfuna, ya gurɓata sabon da kake zubawa a kai. Ana sayar da mazurarin da aka yi daidai da bakin duro mai galan 55, kana kuma iya yanka kwano ka naɗe shi da kanka. Gangarensa kada ya gaza digiri 45, sannan ka bi gefensa da silikon don kada gari ya riƙa sulalewa ƙarƙashinsa.

Yanzu mun zo bakin cin, wanda shi ne ran aikin duka, kuma a nan nake so ka ɗauki lokacinka. Bututun da ya sauko daga duro zai shiga mahaɗar, ka juya ta yadda rassan biyu za su kalli ƙasa a karkace, ka toshe bakin tsakiya da murfi. A ƙarshen kowane reshe ka sa gwiwa ɗaya mai digiri 45, wadda za ta mayar da bututun ya kwanta, sannan ka ƙara guntu gajere, inci 5 zuwa 6. Matsalar da za ka warware a nan fuska biyu gare ta. In bakin ya cika gangara, abinci zai yi ta tsiyaya ƙasa da kansa, iska ta kaɗa duron ma sai ya zuba. In kuma guntun da ke kwance ya cika tsawo, abincin zai tsaya can ciki inda barewa ba ta kai ba. Maganin shi ne ka yanka bakin a karkace yadda leɓen sama zai zarce na ƙasa da inci 2 zuwa 3, ya zama rumfa, sannan ka toshe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan bakin da ɗan yankin roba ya zama shinge. Abinci zai gangaro ya taru a bayan shingen ya tsaya. Barewa ta zo ta lashe, ta ɗan ture da hanci, wani ya sauko. A wurin da ya fi zurfi a ƙasan bakin ka huda ƙananan ramuka uku ko huɗu, waɗanda ƙwayar felet ba za ta wuce ba, don ruwan da iska ta watso ya tsiyaye. Ka goge duk inda ka yanka da takarda mai ƙaiƙayi har sai ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba.

Kada ka manne mahaɗar da gam a jikin bututun da ya sauko. Ka ɗaure ta da sukuru uku. Ranar da ya toshe, kuma ranar za ta zo ko da ka yi komai daidai, za ka kwance ka zazzage a cikin minti goma. Wanda ya manne da gam sai ya ɗauko zarto. In ka taɓa ganin felet da ya sha ruwa ya bushe a cikin bututu za ka gane abin da nake faɗa: ya zama dunƙule ɗaya mai tauri kamar tsohon tuwon da ya kwana uku a tukunya, ga baƙin fumfuna a gefe, ga wari mai tsami da ke sa dabba ta juya tun daga nesa. Kafin ka ɗora duron a ƙafafunsa, ka gwada shi a gida da buhu ɗaya. Ka riƙa kwasar abinci da hannu daga kowane baki kana kallon yadda yake saukowa, sannan ka watsa masa ruwa da tiyo daga sama da gefe, ka buɗe ka duba inda ya jiƙe.

Batun tsayi. Bakin cin ya kasance inci 36 zuwa 40 daga ƙasa. Wannan ya yi wa manya daidai, ya kuma fi ƙarfin ƙananan dabbobin da ke tsaye a ƙasa. Gindin duron kuma ya yi sama sosai, ƙafa biyar da rabi zuwa shida. Dalili shi ne ƙahon da ke tsirowa yana da zafi in an taɓa shi, yana kuma zubar da jini in ya bugu. Namijin da ya buga ƙahonsa a gindin duro ko a ƙafar ƙarfe sau ɗaya ba lallai ya dawo ba, kai kuwa dominsa ka kashe kuɗin. Don haka ƙafafun su baje waje sosai, tsakanin kowane baki da ƙafar duro mafi kusa a samu tazarar aƙalla ƙafa biyu, wato inci 24. In kana da mai walda, ya yi maka zobe da gicciyen ƙarfe da duron zai zauna a kai, da ƙafafu uku na bututun ƙarfe mai kauri. Ƙafa uku ta fi huɗu zama daram a ƙasar tuddai mai duwatsu irin taku. In katako za ka yi amfani da shi, ka ɗauki mai inci 4 a kowane gefe wanda aka yi wa maganin gara, ka haɗa da noti, ba ƙusa ba. Kowace ƙafa ka kafa mata turken ƙarfe ka ɗaure. Ka tuna fam 300 ne ke rataye a sama da kan mutum, kuma akwai iska mai ƙarfi a Texas. Wajen cikawa kuma ka matso da motar a-kori-kura ka tsaya a bayanta, kada ka hau tsani da buhu a kafaɗa kai kaɗai a daji inda waya ba ta kamawa.

Murfi ya rufu gam da zobensa, in da hali ka ɗora masa faffaɗan kwano da ya zarce bakin duron. Ka kuma duba inda iska mai ɗauke da ruwa ta fi kaɗowa a filinku, ka juya bakunan kada su fuskance ta. Ka zaɓi wuri mai ɗan tudu da ruwa ba ya kwanciya, kusa da kurmin da barewa ke fakewa, kuma ba nesa da ruwan sha ba, domin busasshen abinci na sa ƙishirwa.

Akwai baƙin da ba ka gayyata ba. Na farko aladun daji, waɗanda suka kai miliyoyi a Texas. Za su tone ƙarƙashin duron, su goga jiki a ƙafafunsa har su kayar da shi. Maganinsu shinge ne. Ana sayar da ragar ƙarfe mai tsawon ƙafa 16 da tsayin inci 34 da aka yi don garken aladu. Guda 15 za su ba ka fili mai ƙafa 60 a kowane gefe, in kuma ka kewaya su da'ira za ka samu faɗin da ya haura ƙafa 70, wanda ya fi kyau don babu lungun da babba zai matse ƙarami. Kada ka yi ƙaramin shinge don tsimi, barewa ba ta son tsallakawa cikin wurin da take jin ba ta da hanyar gudu. Manyan barewa na tsallake inci 34 ba tare da wahala ba. 'Ya'yan kuwa yana ba su wuya, don haka a wuri biyu ko uku ka yanke saman ragar ta dawo inci 28, wanda har yanzu yana tare alade. Na biyu shi ne rakun, dabbar nan mai zane a ido da hannaye kamar na yaro. Yana hawa ƙafar duron, ya miƙa hannu ya yi ta yaso abinci ƙasa dare guda. Tazarar ƙafa biyu da na ambata tana rage masa, sannan ka zura kowace ƙafa cikin bututun roba mai faɗi wanda ke juyawa in ya kama.

Maganar tumakin mai fili kuwa na ji daɗi da ka ambace ta, don ba ƙaramar magana ba ce. Abincin barewa na kanti ana ƙara masa sinadarin tagulla. Tunkiya ba ta iya fitar da tagulla daga jikinta yadda sauran dabbobi ke yi, yana taruwa a hantarta a hankali ba alamar komai, rana ɗaya sai ta faɗi. Ka karanta jikin buhu, sau da yawa za ka ga gargaɗin kada a ba tumaki. Saboda haka shingen nan wajibi ne a kanka tun kafin ka zuba buhun farko, kuma ka sanar da mai filin abin da kake shirin yi. In yana da awaki ko shanu, ku zauna ku duba tare, domin akuya na hawa abin da tunkiya ba ta hawa, saniya kuma na danne raga da ƙirji.

Kada ka damu in ka kafa ka ga mako biyu ko uku ba a taɓa ba. Barewa ba ta san felet ba, kuma tana tsoron sabon abu. Ka gauraya cikon farko rabi masara rabi felet, ka watsa 'yar masara a cikin shingen da wajensa, sannan ka riƙa rage masarar a kowane ciko har ta ƙare cikin wata ɗaya zuwa biyu. Ka ɗaura kamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin turke, ita za ta gaya maka wa ke ci da gaske. Masarar da za ka saya kuma ka duba ta. Gubar nan ta afalatoksin da manoman gyaɗa da masara a gida suka sani, ita ce dai a nan, fumfuna ce ke haifar da ita a hatsin da ya sha laima, kuma tana yi wa tsuntsayen da ke tsintar abin da ya zube, irin su talotalon daji, illa fiye da barewar ma. Duk abincin da ya yi fumfuna ka kwashe ka binne, kada ka zubar a gefe.

Yanzu lissafin da nake so ku yi da abokanka kafin ku sayi ko noti ɗaya. Barewar da ta saba tana cin fam 2 zuwa 4 a rana, gwargwadon yadda daji ya bushe. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta. Barewa goma, fam 20 a rana ke nan, duronka ya ƙare cikin mako biyu. A wata buhu 12. Daga Fabrairu zuwa Satumba kusan buhu 96, sama da tan biyu. Kuɗin duron gaba ɗaya ba zai kama ƙafar kuɗin abincin shekara guda ba. Kuma in kun fara, ba a yi ana tsayawa. Cika duro sau biyu a watan Yuli ba ya ƙara wa ƙaho komai. Namiji ba ya kai cikar ƙahonsa sai ya shekara biyar zuwa shida, don haka wanda ke harbe 'yan shekara biyu ba zai ga amfanin ko buhu nawa ya zuba ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ciyarwa na sa 'ya'ya da yawa su rayu, garke ya ƙaru, su cinye tsirran da ke ainihin abincinsu. Yankinku dama yana cikin wuraren da barewa ta fi cunkoso a Amurka. In ba za ku riƙa rage mata daidai da abin da doka ta ba ku dama ba, ciyarwar za ta ɓata filin maimakon ta gyara shi. In kuma filin ƙarami ne, ka sani barewa ɗaya na yawo a ɗaruruwan eka, rabin abincinka na maƙwabta ne, sai dai ku haɗa kai da su.

Wasu a kudancin Texas na ba da angurya, ƙwayar auduga da gashinta, wadda furotin ɗinta ya haura kashi 20, ga mai, kuma alade da rakun ba su cika damuwa da ita ba, ruwan sama ma ba ya ɓata ta da sauri. Amma ba ta gangara a bututu, a kwandon raga ake zuba ta, kuma tana da wani sinadari da ke iya rage wa namiji ƙarfin haihuwa, shi ya sa ake janye ta tun kafin lokacin barbara. Ba ta dace da duron da muke magana ba.

Saura doka, kuma kada ka ɗauke ta da wasa. A Texas an yarda a ciyar da barewa a filin da ke hannun mai shi, amma ba haka yake ko'ina ba. Jihar New York ta hana, Colorado ta hana, Michigan ta hana a duk yankinta na kudu tun 2019. Babban dalili shi ne cutar ramewa mai cin ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara lura da ita a Colorado a 1967. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, kuma abin da ke jawo ta na daɗewa a cikin ƙasa shekaru. An fara gano ta a Texas a 2012 a tsaunukan Hueco da ke yammacin jihar, a 2015 kuma aka same ta a gundumar Medina, wadda ba ta da nisa da ku. Duro irin wannan yana tara dabbobi da yawa suna sa baki a rami ɗaya, don haka nauyi ne ka ɗauka. Kafin ka kafa, ka kira jami'in namun daji na gundumarku a hukumar Texas Parks and Wildlife ka ji halin da yankin ke ciki a bana, domin ƙa'idojin na sauyawa. In ka kafa, ka riƙa kwance bakunan kana wankewa duk lokacin da duron ya ƙare, ka bar su su bushe ƙarau kafin ka mayar. Ranar da kamararka ta nuna maka barewa ramammiya, kai a sunkuye, kunnuwa a saɓule, yawu na dalala, ka kwashe abincin nan take ka sanar da hukumar, kada ka taɓa gawarta in ka tarar ta mutu.